RA'AYINMU: KUƊIN LODI YA HAU, MAI MOTA YA TALAUCE

  

Ya 'yan'uwa masu karatu, babu magidancin da zai shiga kasuwa a 'yan shekarun nan ya taya tiyar masara ko kwandon tumatir, ya yi ƙorafin tsada, face ya ji amsa guda daga bakin mai sayarwa, wato kuɗin mota ne ya hau. An maimaita wannan magana har ta zauna a zukatan jama'a, aka wayi gari ana yi wa mai babbar mota kallon wanda yake ƙiba da yunwar talakawa. Saboda haka muka ga ya wajaba a wannan wata mu tsaya mu dubi wannan zargi da idon adalci, domin duk wanda ya zauna da alƙalami ya yi lissafin tafiya guda daga Kano zuwa Legas, zai gane cewa ganin kitse ake yi wa rogo.

Wanda muke magana a kansa shi ne mutumin da ya mallaki tirela ɗaya ko biyu, ko gingimari, ko tanka, yana tuƙa abarsa da kansa ko ya damƙa ta ga ƙaninsa ko wani amintaccen direba. Irinsu ne suka cika Potiskum da Funtuwa da Gusau, su ne ake gani jere a Mararrabar Jos da Tafa da Ogere, suna jiran lodi ko suna jiran gari ya waye. Tun da jirgin ƙasan da ya iso Kano a 1911 ya ja baya da ɗaukar kaya, abincin ƙasar nan da dabbobinta da manta suka koma wuyan waɗannan bayin Allah. Mai shakka ya tuna ƙarshen Fabrairun 2021, lokacin da ƙungiyar dillalan kayan abinci da dabbobi ta dakatar da kai kaya Kudu bayan rikicin kasuwar Shasha ta Ibadan. Cikin mako guda tumatir da albasa suka yi kwantai a Arewa, nama da kayan miya suka yi tashin gwauron zabo a Legas. Kowa ya sha wuya, mai noma da mai ci.

Tattalin arzikin Nijeriya ya karye sau biyu cikin shekara biyar. Na farko a 2016, bayan gangar ɗanyen mai ta faɗo daga sama da dala 100 a tsakiyar 2014 zuwa ƙasa da dala 30 a farkon 2016. Na biyu a 2020, shekarar annobar korona da kulle garuruwa. Jama'a ba su gama farfaɗowa ba sai yaƙin Rasha da Yukiren ya ɓarke a 2022, man dizal, wanda direbobi suke kira gas, ya tashi daga ƙasa da naira 300 kowace lita a farkon shekarar zuwa sama da naira 800 a ƙarshenta. A lura fa, gwamnati ta daɗe da zare hannunta daga farashin dizal, saboda haka mai babbar mota ya riga kowa ɗanɗana ɗacin janye tallafi. Sa'annan aka zo 2023: ƙarancin takardun kuɗi a farkon shekara saboda sauya fasalin naira, sanarwar janye tallafin fetur ranar 29 ga Mayu, da sakin naira ga kasuwa a watan Yuni. Dalar da hukuma take sayarwa wajen naira 460 ta haura naira 1,500 a Fabrairun 2024, litar dizal ta wuce naira 1,400 a cikin shekarar, hauhawar farashi kuma ta kai kashi 34.8 cikin ɗari a watan Disamba.

Yanzu sai mu ɗauki alƙalami. Tsakanin Kano da Legas akwai kimanin kilomita 1,000. A ce mota mai ɗauke da tan 30 tana shan lita 40 a kowane kilomita 100, ka ga lita 400 ke nan a zuwa kaɗai, ba a sa cunkoso da zagaye ba. A kan naira 300, gas ɗin zuwa naira 120,000 ne. A kan naira 1,400 ya zama naira 560,000. Wannan gas kawai. Taya, da batir, da baƙin mai, da kayan birki, da duk wani ƙarfen da ke cikin injin, kusan dukkansu da dala ake shigo da su, kuma tirela tana tafiya ne a kan taya 18 ko 22. Da naira ta faɗi, kuɗin kowane ɗayansu ya ninka. Ga kuɗin bakanike da mai faci, ga sabunta takardu, ga abincin direba da yaran mota na kwanakin da za su yi a hanya.

Babu mai musun cewa kuɗin lodi ya ƙaru. Abin da ba a faɗa wa jama'a shi ne, ƙarin da aka yi masa bai taɓa cimma ƙarin da aka yi wa gas da kayan gyara ba. Kullum yana biye ne a baya, kamar yaron da yake bin mota da gudu. Har masu tankokin mai, waɗanda suke da ƙungiya mai ƙarfi, sai da ƙungiyarsu ta NARTO ta dakatar da ɗaukar mai a Fabrairun 2024 a kan wannan kuka, cewa kuɗin dakon da ake biyansu ba ya mai da abin da suke kashewa. To, idan masu murya sun koka, yaya halin wanda yake tsaye shi kaɗai a bakin kasuwar Dawanau, yana ciniki da ɗan kasuwar da ya san akwai motoci goma a bayansa?

A nan ne asalin matsalar take, kuma ya kamata a fahimce ta da kyau. Idan tattalin arziki ya karye, kayan da ake ɗauka suna raguwa. Mai albashin da dā yake sayen buhu ya koma sayen kwano. Mai gini ya tsayar da gininsa, sai lodin siminti da rodi da katako ya ja baya. Masana'antu sun rage aiki, wasu ma sun rufe; kamfanin Procter & Gamble, alal misali, ya sanar a Disamban 2023 cewa zai daina sarrafa kaya a Nijeriya. Mai shigo da kaya ya kasa samun dala, sai kwantenoni suka ragu a Apapa da Tin Can. Amma motoci ba sa raguwa da saurin da kaya suke raguwa, domin wanda ya zuba dukiyarsa duka a mota ba shi da wata sana'ar da zai koma gobe. Kaya kaɗan, motoci da yawa: a irin wannan kasuwa mai kaya ne sarki.

Sa'annan ribar mai mota tana cikin lodin dawowa ne. Wanda ya kai shanu daga Maigatari ko albasa daga Aliyaru, lissafinsa shi ne lodin zuwa ya biya gas da hidimar hanya, na dawowa ya zama abin kai wa gida. Idan ya sauke a Legas ya yi mako guda ko biyu bai sami lodi ba, kowace rana yana cin abin da ya samo. Daga ƙarshe sai ɗan kamasho ya zo masa da lodin da kuɗinsa bai wuce na gas ba, ya karɓa ala tilas, domin dawowa wayam ta fi muni. Sau da yawa ma lodin ya bi ta hannu biyu ko uku kafin ya iso gare shi, kowane hannu ya gutsuri rabonsa, har abin da mai kaya ya biya da abin da mai mota ya karɓa su yi hannun riga. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Kada a zaci wannan ciwo namu ne mu kaɗai, domin ɗabi'ar sana'ar ce a ko'ina. A Amurka, lokacin korona, kuɗin dako ya yi tsada ƙwarai a 2020 da 2021, direbobi da yawa suka ci bashi suka sayi motocin kansu da tsada. Daga 2022 kaya suka ja baya, kuɗin dako ya faɗi warwas alhali dizal yana sama, dubban masu mota ɗaya ko biyu suka ajiye sana'ar. Har wani tsohon kamfani mai suna Yellow, wanda ya kusa cika shekara 100, ya durƙushe a 2023, ma'aikata wajen 30,000 suka rasa aiki. Bambancin kawai shi ne, a can kuɗin lodi ya faɗi a fili kowa yana gani, a nan kuwa faɗuwar naira ta lulluɓe faɗuwarsa: adadin yana hawa a baki, darajarsa tana zubewa a aljihu. Shi ya sa direbanmu ya haɗa asara biyu, ga rashin riba ga zagin jama'a.

Bugu da ƙari, akwai nauyin da direbanmu yake ɗauka wanda babu shi a takardar kaya. Na farkonsu shingaye. Daga inda ya yi lodi zuwa inda zai sauke, yana ratsa jihohi da ƙananan hukumomi masu yawa, a kowace akwai masu sanda da ƙusa da rasit, wannan na kayan gona, wancan na dabbobi, wani na kwali, wani ko sunan ba shi da shi. Tun a 1998 gwamnatin soja ta kafa dokar da ta hana kowa, har hukumar haraji, kafa shinge a hanya don karɓar haraji, amma direbobi ba su ga amfaninta ba. Na biyu lalacewar hanyoyi. Ambaliyar Oktoban 2022 ta tare motoci kwana da kwanaki a wajen Lakwaja da Koton Ƙarfe, ta Mayun 2025 kuma ta karya gada a Mokwa, mashigar kayan Arewa zuwa ƙasar Yarbawa. Na uku rashin tsaro, wanda ya sa aka ƙaurace wa hanyar Birnin Gwari shekaru da dama ana dogon zagaye, kuma kowane zagaye gas ne.

Na huɗu rufe iyakoki. An rufe su daga Agustan 2019 har zuwa Disamban 2020, wasu ma irin ta Jibiya sai a 2022 aka buɗe. Aka sake rufe ta Nijar bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023, ba a buɗe ba sai Maris ɗin 2024. Motoci suka yi jerin gwano a Illela da Jibiya da Maigatari, kaya suna ruɓewa a bodi, direbobin Maraɗi da Damagaram da Ƙonni suna kuka iri ɗaya da na 'yan'uwansu na Katsina da Sakkwato. Na biyar kuwa, wanda ya fi kowanne ciwo, shi ne abin da aka gani a farkon 2024, yayin da yunwa ta sa wasu suka tare motocin abinci a Suleja da Dogarawa ta Zariya suka wawashe. Muna faɗa da babbar murya cewa yunwa ba ta halatta dukiyar wani, balle kayan da amana ne a hannun talaka irinka.

To, mene ne mai mota yake yi idan lissafi ya ƙi fita? Sai ya fara cin motarsa. Kuɗin da ya kamata ya ware don sabuwar taya ya tafi ga cefane, ya sayi gwanjo wadda ta gama aiki a wata ƙasa. Juyen baƙin mai ya wuce lokacinsa. Birkin da yake neman canji a ɗaure shi a ce sai an dawo. Motar tan 30 a ɗora mata 40 ko fiye don kuɗin ya ɗan taɓuka, a kuma jera mutane a saman kaya ko a kan shanu. Direban da ya kamata ya kwana ya ƙi kwana, wani ma ya nemi taimakon ƙwaya don ya raba dare yana tuƙi. A ido yana aiki, kuɗi suna shiga suna fita, alhali jarinsa ne yake narkewa. Ranar da injin ya buga, sai a jingine motar a gareji, ciyawa ta tsiro a ƙarƙashinta, a ƙarshe 'yan gwangwan su saye ta a kilo. Gidaje nawa ne suke ci daga mota guda? Na mai ita, na direba, na yaran mota, na bakanike, na masu lodi da saukewa, har da mai abincin tasha.

Wannan bashi da ake ɗage wa mota, al'umma ce take biyansa da rayuka a kan titi. Ba mu manta da Majiya ta jihar Jigawa ba, inda tankar mai ta faɗi ta yi bindiga a Oktoban 2024, mutane sama da 150 suka rasu, galibinsu sun je kwasar man da ya zube. Ba a yi wata huɗu ba aka maimaita irinta a mahaɗar Dikko kusa da Suleja, a Janairun 2025. Allah Ya jiƙansu da rahama. Bayan haka gwamnati ta hana tankoki masu ɗaukar lita 60,000 yin lodi daga ranar 1 ga Maris, 2025. Matakin yana da kyau, sai dai muddin kuɗin dako bai isa a kula da mota ba, za a ci gaba da neman cike giɓin ta hanyar da take kashe mutane.

Akwai kuma wani abin da yake tafe wanda ya kamata masu motoci su buɗe ido a kansa. Karyewar tattalin arziki takan bar manya da ƙarfinsu, ta share ƙanana. Babban kamfani yana sayen gas da taya a sari, yana da garejinsa da kanikawansa, yana da kwangilar shekara. A 2025 matatar Dangote ta sanar da shirin raba mai kai tsaye da motoci 4,000 masu aiki da iskar gas, wadda ta fi dizal araha nesa ba kusa ba, aka kuma fara a watan Satumba. Ba mu ga laifin mai dukiya don ya nemi sauƙin aikinsa ba. Amma mai tsohuwar tanka guda, wanda ba shi da kuɗin sabuwa, da me zai yi takara? Idan kiɗa ya canza dole rawa ta canza, kuma wanda ya tsaya shi kaɗai a wannan fage za a tattake shi.

Saboda haka muke kira, da farko, ga 'yan kasuwa masu kaya, waɗanda da yawansu suna cikin masu karanta wannan mujalla. Ku ji tsoron Allah game da mai mota. Ganin ya matsu ba hujja ba ce ta karya masa farashi ƙasa da abin da kuka san zai mai da masa gas da gyara. A yanke kuɗi a fili kafin a ɗora buhu na farko, a rubuta, a ambaci wanda zai ɗauki kuɗin hanya, da abin da za a biya idan an tsare mota kwanaki ba a sauke ba. Idan ya sauke lafiya a cika masa kuɗinsa nan take. Mai hali ya riƙe haƙƙin wanda ya yi masa aiki yana ce masa je ka dawo, zalunci ne a shari'a, ko da a sahun farko yake salla. Haka 'yan kamasho: dillanci halal ne idan ladan sananne ne ga ɓangarorin biyu, amma a ce wa mai kaya kaza, a ce wa mai mota kaza, a haɗiye tsakani a ɓoye, wannan ha'inci ne.

Na biyu, ga mahukunta na tarayya da jihohi da ƙananan hukumomi. Duk nairar da aka ƙwata a shinge tana komawa kan kwanon hatsin da marainiya za ta saya. A tattara abin da doka ta yarda da shi wuri guda, a biya sau ɗaya a inda aka yi lodi, rasit ɗin ya yi aiki har inda za a sauke, a kuma hukunta duk wanda ya tare hanya, ko da kaki a jikinsa. A gyara manyan hanyoyin da abinci yake bi, a gina wuraren hutun direbobi masu tsaro da ruwa da masallaci, kana idan za a rufe iyaka a tuna da waɗanda suke tsakiyar hanya da kayan mutane.

Na uku, ga masu motocin kansu da direbobi. Muna gargaɗinku da bashin ruwa, domin banda haramcinsa, lissafi ma ya ƙi shi. Babban Banki ya kai ma'aunin kuɗin ruwansa kashi 27.5 cikin ɗari a Nuwamban 2024, bankunan kasuwanci kuwa sama da haka suke ɗorawa. Wace mota ce za ta biya wannan ta kuma ciyar da gida? Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Masu mota goma ko ashirin na gari guda su haɗa kai su sayi taya da gas a sari, su nemi lodi kai tsaye daga masu kaya, su kafa asusun taimakon wanda motarsa ta faɗi, su ware kuɗin gyara daga kowace tafiya kafin a taɓa sauran. Bankunan da ba sa mu'amala da ruwa, waɗanda suka fara aiki a ƙasar nan tun 2012, da kamfanonin takaful, su fito da tsarin da zai kai ga mai mota ɗaya, kada su tsaya ga manya kaɗai. Attajiranmu kuma su tuna akwai hanyar haɗa jari a raba riba da asara, wadda ta fi ɗora wa direba kuɗin mako da dole ya kawo ko ya samu ko bai samu ba.

Kuma ku sani, ya ku direbobi, matsi ba ya sauke amana. Kayan da ke bayanka amana ne, gas ɗin da ke tankinka amana ne, rayukan da kake gilmawa a hanya sun fi duka girma. Wanda ya san birkinsa ba shi da kyau ya hau titi, ko ya sha abin da zai gusar masa da hankali ya kama sitiyari, kada ya ce ƙaddara idan abin ya auku. Da muguwar rawa gwamma ƙin tashi.

A ƙarshe muna kira ga malamai da masu wa'azi su shiga tashoshi da garejoji. Waɗannan mutane suna kwana da tashi a hanya, suna da tambayoyi a kan sallar matafiyi, da hukuncin haya da lamuni da asarar kaya, kuma ba kasafai suke samun mai zama da su ba. Sauran jama'a kuwa, idan aka sake ce muku kuɗin mota ne ya hau, ku tambaya nawa ne daga ciki ya isa gidan mai motar.

Allah Ya yaye mana wannan ƙunci, Ya sanya albarka a sana'o'inmu, Ya kai matafiya gida lafiya, Ya ba shugabanninmu ikon yin adalci.